Ɗan Rakiya a Bangon Mai Makullai

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Na kai wa Mai Makullai makullinsa. Haka duk 'yan haya ke kiran mai gidan da muka tashi, saboda tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa, kafin ka gan shi ka ji shi. Na share ɗakin, na wanke banɗaki, ko haya ta kwana ɗaya ba ya bi na. Shi ya ba mu notis, wai zai gyara gidan, muka tashi ba gardama. Abin da ya rage tsakaninmu shi ne kuɗin ajiyar da na ba shi ranar da muka shiga, wanda aka ce za a mayar min idan na fita ban lalata komai ba.

Ya zagaya ɗakin yana ƙwanƙwasa bango, yana leƙa bayan ƙofa. Sai ya tsaya a gaban ƙarfen.

"Wannan fa?"

"Ƙarfen dafawa ne, ranka ya daɗe. Na iyalina. Ai ka gan shi tun ranar da na kafa, har ka ce Allah ya ba ta lafiya."

"Ni na ce haka?" Ya kama ƙarfen ya jijjiga, ko motsi bai yi ba. "To, ka dawo gobe."

A shago nake rubuta wannan, a kan teburin walda, don nan nake kwana yanzu. Mutuniyar, wato matata, tana gidan yayanta. Ranar da muke kwashe kaya ya zo da mota ya ɗauke ta, ya ce sai na samu wurin da ya dace a ajiye mutum. Ya ƙara da wata magana a gaban masu ɗaukar kaya. Ba zan rubuta ta ba.

Na samu wurin. Ɗaki ne da banɗaki a ciki, ba matakala ko ɗaya, a gidan wata tsohuwa da kowa ke ce wa Iya. Ta ce za ta riƙe min zuwa ƙarshen wata. Abin da na tara bai kai ba sai an haɗa da kuɗin ajiyar nan. Idan ya ba ni, mutuniyar ta dawo ɗakinta. Maganar ke nan gaba ɗaya.

Talata, 4 ga wata, da yamma

An ce ya fita. Motarsa tana ƙofar gida, takalminsa yana bakin falo. Ƙila ta taga ya fita, ƙafa ba takalmi.

Alhamis, 6 ga wata, bayan azahar

Na tare shi a bakin get yana shirin shiga mota.

"Kai, mai walda, ka huda min bango ta ko'ina," in ji shi. "Ka je ka cire ƙarfenka, ka mayar min da bango yadda ka same shi. Ko ƙusa kada ka bar min a ciki. Sannan mu yi maganar kuɗi."

Na ce to a ba ni makulli in shiga. Ya ce makullin yana wurin mai fenti, in dawo gobe. Yana faɗa ina kallon makullin a ƙugunsa, da jan zaren da mutuniyar ta ɗaura masa don kada ya ɓace mata a cikin zani.

Ba ya musun kuɗin, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da ya ce ban ba shi komai ba, da na san da ɓarawo nake magana. Amma ya yarda na ba shi, har murmushi yake yi. Tela, maƙwabcina a shago, ya ce in kai shi kotu. Na ce kafin alƙali ya gama gyara tabarau Iya ta ba wani ɗakin.

Bari in rubuta yadda ƙarfen ya samu, tunda yau ya zama laifi. Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da muka dawo daga asibiti likita ya ce min abu ɗaya: ta dinga takawa kullum, ko kaɗan ne, in ta daina ƙafar za ta manta. To da me za ta taka? Ni ina shago tun safe, ba mu da kowa a gidan. Sai na samo fayif mai kauri, na lanƙwasa shi ya bi bango tun daga bakin gado har cikin banɗaki. Na fasa bulo na zura ƙafafunsa ciki, kowace ƙafa na gitta mata guntun rodi a baya, na cika da siminti ba rowa. Da ya bushe ni da Tela muka rataya a jikinsa muna lilo, manya da mu. Tana kwance tana dariya da rabin baki, dariyarta ta farko tun da abin ya faru.

Wata biyu tana faɗa da ƙarfen nan kafin ta kai banɗaki ita kaɗai. Ranar da ta kai, ta hana ni taɓa ta har ta dawo kan gado. Ta sa masa suna ɗan rakiya. Ta ce, "Maƙeri, ɗan rakiyar nan ya fi ka hankali, ba ya surutu." Maƙeri take ce min idan tana son ta tsokane ni, ta san na tsani sunan.

Asabar, 8 ga wata, da yamma

Na je gidan Yaya. Na gaishe shi, ya amsa wa jaridarsa.

Sun ba ta ɗaki mai kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Katifa sabuwa, fanka, labule. Anti, matar Yaya, mace ce mai kirki, kirkin ne ma ya yi yawa. Ko ruwa mutuniyar ta nema an kai mata baki. In za ta banɗaki Anti da 'yarta su tallafe ta, ƙafarta ko ƙasa ba ta taɓawa. Na ce, "Anti, da kun bar ta ta ɗan taka." Ta ce, "Haba, ta dafa me? Ta faɗi ka ce mun kashe maka mata?" Na duba bangon, sumul yake, ko ƙusa babu.

Da muka rage mu biyu ta ce, "Ya ɗan rakiyata?"

Na ce yana gaishe ki.

"Yaushe za mu koma ɗaki?"

Na ce kwanan nan. Ta ce ƙafar ta yi mata nauyi. Na ce sauyin wuri ne. Na matsa mata ƙafar har ta yi barci, ko ta yi kamar ta yi barci don in samu in tafi.

Lahadi, 9 ga wata, da safe

Ba a ganin Mai Makullai ran Lahadi, wai yana hutawa. Daga wane aiki?

Talata, 11 ga wata, da la'asar

Na bi ta gidan Iya don ta ga fuskata, kada ta ɗauka na fasa. Ta buɗe min ɗakin. Na auna bangon da taƙi, daga inda gado zai tsaya zuwa banɗaki. Kusan daidai yake da tsohon ɗakinmu, in an ƙara ɗan guntu shi ke nan. Na tambaye ta ko za ta yarda a fasa mata bango.

"Ɗana, in don marar lafiya ne ka fasa har rufin," in ji ta. "Amma ka ji, wani direba ya zo sau biyu da kuɗinsa a hannu. Ni ma da hayar nan nake ci. Ƙarshen wata na ce maka, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

Na ce ta yi min adalci. Wallahi ta yi.

Alhamis, 13 ga wata, da hantsi

Gobe.

Juma'a, 14 ga wata, da yamma

Gobe. Yau ta bakin mai gadi aka aiko min da ita, shi kansa bai fito ba. Na zauna a kan dakali har inuwa ta juya. Wani mai ƙofa da na yi wa alkawarin aiki ya zo shago bai same ni ba, ya kwashe ƙarfensa ya kai wa wani.

Asabar, 15 ga wata

Ban je gidan Yaya ba. In je in ce mata me?

Litinin, 17 ga wata, da yamma

Ya ba ni makullin! Ya ciro shi yana tsaki kamar haƙorinsa yake cirewa. Ya ce kwana biyu ya ba ni, akwai mai son ganin ɗakin.

Tela ya ce, "Ka ji shawara, ka ɗauki injin yanka ka datse ƙafafun daidai da bango, ka shafe da filasta, ka yi fenti. Waye zai sani? Aikin rabin yini ne."

Na ce mutumin ya ce ko ƙusa kada a bar masa.

"Zai shiga cikin bangon ya duba ne? Kai dai ka ce ba ka son yanka shi."

Gaskiyarsa. Na yanka ƙarfe ya fi gashin kaina, amma wannan ba zan sa masa inji kamar kayan gwangwan ba. Yadda na kafa shi ɗungurungum haka zan fitar da shi, ta same shi a sabon ɗaki kamar bai taɓa barin wurinsa ba. Tela ya ce taurin kaina zai ci ni wata rana. Na ce ya koma kan kekensa, akwai wandon mutane yana jiransa.

Talata, 18 ga wata, da magariba

Hannuna ya yi tsami, rubutun ma da ƙyar.

Na shiga ɗakin da sassafe. Babu komai a ciki sai ƙarfen da warinmu, don har yanzu man zafin da nake shafa mata yana tashi. Na daɗe a tsaye kafin in ɗaga guduma. Akwai wuri kusa da inda gado yake da fentin ya goge tas, ƙarfen ya yi ƙyalli. Nan take fara kamawa idan za ta tashi. Na sa hannuna a wurin, nawa ya fi faɗi.

Na fara da guduma da kurfin fasa bulo, a hankali, ina sassaƙa gefen ƙafa ta farko. Simintina bai ko ɓantare ba. Bulon da ke kewaye da shi ne ya fara zubowa kamar gari. Ashe bulon Mai Makullai yashi ne zalla, daga nesa aka nuna masa siminti. Abin da na zuba ya zama dutse, abin da na zuba shi a ciki kuma ruɓaɓɓe ne. Ga rodin da na gitta a baya, ni da hannuna na yi shi don kada ya taɓa fita, kuma na manta da haka. Ya kamata in tsaya a nan, in aika a kawo min injin yanka. Ban tsaya ba. Na ce ƙafa ta biyu za ta fi sauƙi.

Kowace ƙafa da na ciro ta fito da ƙaton dunƙule, ta bar rami da kan mutum zai shiga. A ta ƙarshe, wadda ke bangon banɗaki, na ja na ji wani ƙara. Bulo biyu suka faɗa ta ɗaya ɓangaren, tsaga ta tashi har rufi. Na tsaya ina kallon famfon banɗaki ta cikin bango.

Na zauna a ƙasa cikin ƙura, ƙarfen yana kwance a gabana lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Na yi dariya ni kaɗai, daga baya abin ya daina zama dariya.

Tela ya zo ya taya ni ɗauko shi zuwa shago. Ya kalli bangon, ya kalle ni. Bai ce ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa da ya fi min sauƙi.

Laraba, 19 ga wata, da yamma

Na taɓa kuɗin ɗakin Iya na sayi siminti da bulo da fenti. Na toshe ramukan, na ɗinke tsagar, na shafe. Ni ba magini ba ne, amma bangon nan bai taɓa samun gata irin na yau ba. Na mayar da makulli. Ya ce zai je ya duba.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Na je. Yaya ba ya nan, na ji daɗin haka, kuma na ji kunyar jin daɗin.

Ta rame. Anti ta ce ba ta cin abinci sosai, kuma ta rage shan ruwa. Na san dalili, Anti ba ta sani ba. In ta sha ruwa sai an ɗauke ta zuwa banɗaki, ita kuma ta gaji da a dinga ɗaukarta. Macen da ta hana ni taɓa ta ranar da ta fara takawa!

Na ce ta kama wuyana mu gwada tsayuwa. Ta kama. Na ɗaga ta, ƙafar hagun ta lanƙwashe kamar babu ƙashi a ciki. Wata ɗaya da ya wuce ƙafar nan tana kai ta banɗaki ta dawo da ita. Na zaunar da ita na ce santsin tayil ne.

Ta ce, "Maƙeri, ka iya walda amma ba ka iya ƙarya ba."

Ta ga farcena da ya fashe ta tambaya. Na ce ɗan rakiya ne ya cije ni, yana shago yana jiranta. Ba ta yi dariya ba. Ba ta tambayi yaushe za mu koma ɗaki ba. Har na fito ina jiran tambayar.

Litinin, 24 ga wata, da hantsi

Bai duba ba tukuna. Gobe.

Talata, 25 ga wata

Gobe. Na daina jin haushi. Tsoro nake ji.

Laraba, 26 ga wata, da hantsi

Yanzu na dawo daga wurinsa, zan koma. Ina so in rubuta maganarsa tun tana da zafi, don gobe zai ce bai faɗa ba.

Na same shi a tsakar gidan hayar, 'yan haya suna ta harkokinsu. Ko gaisuwata bai amsa ba.

"Wa ya ce ka cire min ƙarfe?"

Na ɗauka kunnena ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce. Ka ce ko ƙusa kada in bari."

"Ni? A gaban wa?"

Ashe mai son ganin ɗakin ya zo ranar da aka ba ni makulli, bayan tafiyata, kuma yana da uba tsoho da ba ya iya tafiya, ƙarfen ne ya ja hankalinsa. Mai Makullai ya ga haka ya ƙara masa kuɗi a kan ƙarfen, har sun daidaita. Jiya mutumin ya dawo ya tarar da bango fayau, ya ce ya fasa.

"Duk abin da aka kafa a bango na mai bango ne," in ji shi. "Ka fasa min gini, ka sace min kaya, ka kore min ɗan haya, sannan ka zo kana min maganar kuɗin ajiya? Ka dawo min da ƙarfena ka kafa yadda yake, sai mu ga abin da ya rage."

Ƙarfensa. Haka ya ce.

Na ce na iyalina ne, tana bukatarsa. Ya kalli matan da ke wanki a bakin famfo, ya yi 'yar dariya, ya ce ai ya ji labari, wadda ake ɗauka kamar buhu me za ta yi da ƙarfe.

Na juya na fito. Na zo shago na sha ruwa. Tela ya ce in zauna. Zan koma in yi masa magana a tsanake, magana kawai.

Juma'a, 28 ga wata, da yamma

Na dawo shago. Hannun dama a naɗe yake, da hagu nake riƙe takardar.

Asabar, 29 ga wata, da safe

Abin da ya faru a tsakar gidan ba zan rubuta ba. Abin da nake tunawa shi ne ƙarar makullai suna watsewa a kan siminti, da Tela a bayana ya rungume ni yana kiran sunan Allah. Ashe biyo ni ya yi. Ban san makullan suna da yawa haka ba, har cikin kwata.

Na kwana biyu a hannun 'yan sanda. Ba su yi min komai ba, ni na yi wa kaina.

Jiya aka kira ni gaban teburin 'yan sanda, na ga Yaya a tsaye. Tela ne ya je ya faɗa masa. Da ƙasa za ta buɗe da na shige. Ga Mai Makullai a kan benci da filasta a gira, an ɗinke masa aljihun riga da fil. Aka ce a yi sulhu. Sulhun shi ne kuɗin ajiya ya tafi, kuɗin bango da na magani da na riga, kuma kada in ƙara taka ƙofar gidan. Na sa hannu. Sai Mai Makullai ya ce saura ƙarfe.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ka ci kuɗin, Allah ya ba ka ikon narkar da shi. Amma ƙarfen nan na ƙanwata ne. In kana so mu je gaban alƙali ka maimaita abin da ka ce a kanta, matan gidan hayarka duk sun ji." Mai Makullai ya taɓa girarsa ya ce ya bar mu da Allah.

Yaya ya ɗauko ni a motarsa. Ina jiran ya maimaita maganar ranar kwashe kaya, yanzu kam yana da hujja. Ya tsaya a ƙofar shago, bai kashe mota ba. Ya leƙa ya ga ƙarfen a jingine.

"Shi ne wannan?"

Na ce shi ne, Yaya.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ba ta sani ba. An ce mata ka je aiki wani gari." Ya ja motarsa.

Litinin, 1 ga sabon wata, da hantsi

Na je wurin Iya don in faɗa mata da bakina. Ban sai na faɗa ba, akwai labule a ƙofar ɗakin, da takalman yara a waje. Ta ce, "Ɗana, na jira har jiya." Na ce na sani, Iya. Ta ba ni ruwa na sha.

Talata, 2 ga wata, da yamma

Yaya ya zo shago. Bai taɓa zuwa da ƙafarsa ba tun da na auri ƙanwarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kare rigarsa daga baƙin mai.

"Jiya ta ƙi a ɗauke ta," in ji shi. "Tun safe har yamma. Ka san abin da ya biyo baya. Ta juya fuska bango, ta ƙi yi wa kowa magana."

Na sunkuyar da kai.

"Bangon ɗakin da take ciki nawa ne, ba na haya ba. Ka zo gobe ka fasa."

Na san abin da maganar take nufi. In na kafa ƙarfen nan a gidansa, ta zauna ke nan, ni kuma na zama mai zuwa gaisuwa wurin matata. Shi ma ya sani. Ya ce in taho da siminti, zai biya. Na ce ina da ragowa.

Laraba, 3 ga wata, da magariba

Na kafa. An fitar da ita falo saboda ƙura. Bangon Yaya na gaske ne, sai da na yi gumi, hannun nan mai ciwo ya sake buɗewa. Ba wanda zai riƙe min ɗaya ƙarshen, sai Yaya ya tuɓe babbar riga ya riƙe. Ya ce ya karkace, na ce bai karkace ba, haka tsayin hannunta yake.

Da na zo gitta rodi a baya na tsaya. Na tuna abin da ya ja min. Yaya ya ce, "Me kake jira?" Na ce in na sa wannan ba zai ƙara fita ba sai da bangon. Ya ce, "Sa." Na sa.

Sai siminti ya bushe. Na ce kada kowa ya taɓa.

Asabar, 6 ga wata, da yamma

Ya bushe. Na rataya a jikinsa, bai motsa ba. Muka matsar da gado yadda wurin da ya goge zai zo daidai hannunta. Anti ta ja 'yarta suka fita, Yaya ya tsaya daga bakin ƙofa.

Na zaunar da ita a bakin gado. Ta kalli ƙarfen tun daga nan har ƙofar banɗaki. Ta kalli hannuna da ke naɗe, ba ta tambayi wane gari na je aiki ba. Ta ce, "Ka biyo ni har nan, ɗan rakiya?" Ba ta ce komai a kan ɗakin Iya ba. Ta ga siminti, ta san ba a zuba wa baƙo siminti.

Hannunta ya tafi wurin da kansa, ko dubawa ba ta yi ba. Ta kama, ta ja. Jijiyar wuyanta ta tashi. Ta ɗago kaɗan daga katifa, ta koma. Ta sake. Na matso, ta ce, "Kada ka taɓa ni, Maƙeri." Na koma baya na ɓoye hannuwana. Ta ja na uku, ƙafar dama ta tsaya, ta hagun tana ja a ƙasa ba ta san ana yi da ita ba. Ta koma zaune tana haki. Da na waiwaya Yaya ba ya bakin ƙofa.

Ba ta saki ƙarfen ba. Ta jingina goshinta a kansa, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Gobe."

Wata guda ana ba ni kalmar nan a ƙofar gida kamar almara, ba ta taɓa tsorata ni irin na yau ba. Na ce to, gobe. Ta ce in miƙo mata ruwa kafin in tafi. Na cika kofi, ta shanye duka.

Ba zan buɗe shago da safe ba. Can zan fara zuwa.